Empale, impale, empierce ko pierce: wace kalmar Ingilishi ta dace da suka, huji da tsirewa?

Mai fassara labari daga Hausa zuwa Ingilishi, da ma'aikaciyar jinya da ke cike takardar majinyaci, da ɗalibin da ke shirin WAEC, duk sukan ci karo da matsala guda idan aka zo maganar abu mai tsini ya shiga jiki ko ya ratsa wani abu. A Hausa bambancin a bayyane yake: ƙaya suka take yi, kunne huda shi ake yi, wuƙa daɓa ta ake yi, nama tsire shi ake yi a tsinke, buhun hatsi kuwa ɓera ke ɓula shi. Ingilishi ma yana da nasa rabe-raben, sun ma haura goma. Inda gizo ke saƙar shi ne, a cikin jerin akwai kalmomin da manyan ƙamusoshi suka adana alhali masu harshen sun daɗe da daina faɗarsu. Uku daga cikinsu sun fi jan mai son burgewa: *empale* da *empierce* da *transpierce*. Dukkansu kalmomi ne na gaske, ba kuskuren ɗab'i ba ne. Abin tambaya shi ne ko sun cancanci ka fifita su a kan *impale* da *pierce*, da kuma lokacin da ya kamata ka bar duka ka nemi kalmar masu sana'a.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma shi ne uwa uba, yanayin sukar. Wane abu ne ya yi ta, allura ko ƙaho ko rodi? Ya tsaya a ciki ne, ko ya ɓulla ta ɗaya gefen? An zare shi, ko yana nan a kafe? Amsar waɗannan tambayoyi uku kaɗai takan zubar da rabin kalmomin.

Na biyu tsada. Kalma ba a sayenta da kuɗi, amma tana da abin da take ci: mai karatu ya tsaya ya buɗe ƙamus, edita ya yi shakkar rubutunka, mai duba jarrabawa ya zare maka maki. A insha'in WAEC ana raba maki 50 gida huɗu, 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na salon bayani, 10 na ƙa'idojin rubutu, kuma kowane kuskure a kashin ƙarshe rabin maki yake ci. A IELTS kuwa, jarrabawar gwajin Ingilishi ta ƙasa da ƙasa, zaɓen kalma ɗaya ne daga ma'aunai huɗu na rubutu. Saboda haka tsadar nan ba zance ba ce kawai.

Na uku ƙarko, wato ko kalmar tana raye a bakin mutane, ko a tsofaffin littattafai kaɗai ta rage. Na huɗu sauƙin rubutawa da furtawa da haɗa ta cikin jimla. Na biyar haɗari: wata ma'ana ta daban da za ta iya juya maganarka, ko ta ba ka kunya.

Impale da empale

Waɗannan biyun kalma ɗaya ce mai rubutu biyu. Tushenta *palus* na Latin, wato turke ko sanda mai tsini da ake kafawa a ƙasa. Daga nan Latin na tsakiyar zamani ya samar da *impalare*, Faransanci kuma *empaler*. Ingilishi ya karɓe ta a ƙarni na 16, kuma ma'anarta ta farko a can ita ce a kewaye wuri da shingen turaku. Ma'anar tsire mutum a kan itace daga baya ta kankama, har ta danne ta farkon. Wannan ita ce ta ba Vlad na uku, sarkin Wallachia da ke kudancin Romaniya ta yau, laƙabinsa na *the Impaler*, saboda yadda yake tsire abokan gaba a mulkinsa mafi tsawo, daga 1456 zuwa 1462.

Dalilin rubutu biyu kuwa tsohon ja-in-ja ne a Ingilishi. Kalmomi da yawa sun shigo ta Faransanci da *en* ko *em* a farkonsu, sai masana suka riƙa mayar da su ga siffar Latin ta *in* ko *im*. A wasu kalmomin siffar Faransanci ce ta yi nasara, shi ya sa ake rubuta *embed* da *enclose* fiye da *imbed* da *inclose*. A wasu aka bar biyun suna tafiya tare, irin su *enquire* da *inquire*. A wannan kalmar siffar Latin ce ta ci, kuma ta ci da rata mai yawa. Babu wata doka da za ka haddace ta gaya maka wacce ta yi nasara a kowace kalma. Ɗaya bayan ɗaya ake koyonsu.

Ta fuskar ma'ana, *impale* tana buƙatar abubuwa biyu. Abin sukar dogo ne mai tsini, kamar turke, mashi, rodi, ko tsinin ƙarfen katanga. Sannan yana nan a jiki, jikin ya kafe a kansa. Idan magini ya faɗo daga bene ya sauka kan rodin da ya fito daga ginshiƙi, jimlar ita ce *He fell and was impaled on an iron rod*. Ka lura da *on*: ita ake sawa idan jikin ne ya je ya sami abin a kafe. Idan wani ne ya riƙe makamin ya soka, *with* ake sawa. Akwai kuma siffar *impaled himself on the fence*, wadda ba ta nufin da gangan ya yi. Haka ake faɗa ko da tsautsayi ne. Masu fassara kan yi kuskure a nan su rubuta cewa mutumin ya kashe kansa, alhali tsallake katanga ya zo yi ƙafarsa ta zame.

A littattafan agajin gaggawa za ka ga *impaled object*, wato abin da ya soki mutum ya tsaya a jiki. Ƙa'idarsu ita ce kada a zare shi, domin sau da yawa shi ne ya toshe jijiyar da ya yanka; a tallafe shi da ƙyalle ta kowane gefe kada ya motsa, a garzaya asibiti. Wanda zai rubuta irin wannan gargaɗi ba shi da wata kalma da ta kai *impale* daidai, don ita ce ke gaya wa likita tun kafin ya ga majinyaci cewa abin yana jiki.

To *empale* fa? Ma'anarta ɗaya, furucinta kusan ɗaya, amma tsadarta ta ninka. Na'urar duba rubutu takan ja mata jan layi, ƙamusoshin ɗalibai galibi *impale* kaɗai suke kawowa, kuma mai duba jarrabawa da bai taɓa ganinta ba zai ɗauke ta kuskure, kai kuwa ba ka kusa balle ka kare kanka. Misalinta misalin sule da ahu ne: kuɗi ne na gaske, amma ba mai sayar maka da komai da su a kasuwa yau. Akwai ƙarin ruɗani guda. Ƙamus ɗin Webster na 1913 ya kawo wata *empale* dabam, wadda aka gina daga *pale* mai nufin fari fat, ma'anarta a sa fuska ta koɗe, kuma tun a lokacin ya yi mata alamar matacciya. Wanda ya tarar da kalmar a tsohuwar waƙa dole ya duba jimlar da kyau kafin ya yanke cewa suka ake nufi, don tana iya zama shinge, tana iya zama koɗewar fuska.

Akwai wata ma'ana ta masu tsara tamburan gidajen sarautar Turai, inda *impale* ke nufin haɗa tambarin miji da na mata gefe da gefe a garkuwa ɗaya. Sai mai karanta tarihin Turai zai gamu da ita.

Waɗanda suka fi faɗawa tarkon *empale* su ne 'yan uwanmu da suka yi karatu da Faransanci, a Nijar ko Chadi ko Kamaru. A wurinsu *empaler* kalma ce rayayya, ta yau da kullum, hannu kuma ya saba da *em*. Idan kana cikinsu, wannan harafi guda shi ne abin da za ka sa wa ido.

Empierce da transpierce

*Empierce*, wadda ake samu kuma a rubuce *impierce* ko *enpierce*, *pierce* ce aka yi wa ƙari a gaba don a ƙarfafa ta, ma'ana suka mai zurfi. Gidanta waƙoƙin ƙarshen ƙarni na 16. Mawaƙin Ingila Edmund Spenser ya yi amfani da ita, Shakespeare kuma ya sa ta a bakin Romeo a wasansa na *Romeo and Juliet*, inda yake kukan kibiyar so ta soke shi, kuma har yau bugu-bugun wasan ba su daidaita a kan rubutunta ba, wasu da *en*, wasu da *em*. Amfaninta ga mawaƙi shi ne ta ba shi gaɓa biyu inda *pierce* ke da ɗaya, ma'aunin baiti ya cika. Idan ba baiti kake aunawa ba, babu abin da za ta ƙara maka. Ƙarkonta ya ƙare, tsadarta ita ce mafi girma a jerin nan, kuma ba ni da wani yanayi na rubutun zamani da zan ba da shawarar a sa ta.

*Transpierce* ta fi ta hujja, domin tana ɗauke da bayani na gaske: abin ya shiga ta nan ya ɓulla ta can. Daga *transpercer* na Faransanci ta fito, ta shigo a ƙarshen ƙarni na 16. Nan ma tarkon ɗaya ne da na *empale*. A Faransanci *transpercer* ba ta da wani nauyi, ana cewa ruwan sama ya ratsa riga da ita, ana cewa harsashi ya ratsa ƙofa. A Ingilishi kuwa kalmar adabi ce da ba kasafai ake gani ba. Wanda ya san *trans* na nufin ratsawa zai iya cankar ma'anarta, saboda haka tsadarta matsakaiciya ce, amma akwai hanyoyi masu arha da ke kai ka wuri ɗaya: *pierced right through*, ko *went through*, ko kuma *ran him through* idan takobi ne ko mashi.

Transfix

Wannan tana raye sarai, amma ta yi ƙaura daga ma'anarta ta asali. A Latin *transfigere* na nufin soke abu har ya ratsa, a kafe shi. Ingilishi ya fara da wannan, sannan ya faɗaɗa ta zuwa mutumin da tsoro ko mamaki ya kafe a wuri ɗaya. Yau idan Bature ya ji *She stood transfixed*, abin da zai fahimta shi ne ta sandare, ta kasa ko motsi, ba wai mashi ya shige ta ba. Haɗarin a fili yake. Ka rubuta *The hunter transfixed the antelope* kana nufin maharbi ya soke barewa, mai karatu ya ɗauka kallo ne ya sa ta ƙame. Idan ka nace sai ka yi amfani da ita a ma'anar suka, to ambaci makamin, *with a spear*. Likitocin tiyata suna riƙe da tsohuwar ma'anar a sunan wani ɗinki da ake ratsa nama ko jijiya da allura kafin a ɗaure, amma wannan zancen cikin ɗakin tiyata ne.

Pierce

Ita ce uwar gidan. Ta shigo daga tsohon Faransanci *percer* cikin ɗimbin kalmomin da suka biyo bayan mamayar da Normandawa suka yi wa Ingila a 1066, kuma tana rubuce a Ingilishi tun wajen shekarar 1300. Fiye da shekara 700 ke nan ba ta tsufa ba. Tana ɗaukar kusan kowace irin suka da abu mai tsini ya yi: kibiya ta huda sulke, ƙusa ta huda takalmi, allura ta huda fata. Ba ta faɗa ko abin ya fita ta baya, ba ta faɗa ko ya tsaya, kuma wannan shi ne ƙarfinta da rauninta a lokaci guda. Idan ba ka da cikakken bayanin abin da ya faru, ita ce ba za ta sa ka yi ƙarya ba.

Hujin kunne da na hanci nata ne ita kaɗai. Siffar da aka saba ita ce *She had her ears pierced*, wato an huda mata. Siffar *piercing* tana bayyana ƙara mai tsinin da ke shiga kunne, da kallo mai ratsa mutum, da iskar sanyi irin ta tsakiyar hunturu. Lauyoyi kuma suna da *pierce the corporate veil*, wato kotu ta tsallake kamfani ta kama masu shi da laifin da suka ɓoye a bayansa; a Najeriya da Ingila an fi jin *lift the veil*, Amurkawa suka fi riƙe da *pierce*.

Matsalarta a wurinmu ta furuci ce da rubutu. Hausa ba ta raba sautin *p* da *f*, saboda haka *pierce* takan koma *fierce* a baki, daga nan ta bi hannu zuwa takarda. *Fierce* kuwa sifa ce mai nufin mai zafin kai ko mai tsanani, kuma da yake kalma ce sahihiya, na'urar duba rubutu ba za ta ce uffan ba. Haka *piece* da *peace*, harafin *r* kaɗai ya raba ta farkon da kalmarmu. Maganin furucin shi ne a haɗe leɓɓa gaba ɗaya a sake su da fashewar iska. Idan haƙoran sama suka taɓa leɓen ƙasa, *f* ce ta fito. A rubutu *i* ke gaba da *e*, kuma *e* ta ƙarshe tana faɗuwa a *piercing*.

Kalmomin asibiti da na gareji

Nan ne zaɓe ya fi muhimmanci, don kalma ɗaya tana iya sauya abin da likita na gaba zai yi.

*Puncture* ƙaramin rami ne a jikin abin da ke riƙe da iska ko ruwa, ko rami ƙarami mai zurfi a fata. Tayar da ta yi faci, huhun da karyayyen haƙarƙari ya huda, raunin taka ƙusa, duk nata ne. Ɗibar ruwan laka da ake yi ta gadon baya don gano sanƙarau sunanta *lumbar puncture*. Raunin da ake kira *puncture wound* bakinsa ƙarami ne, jininsa kaɗan, amma yana kai datti can ciki inda iska ba ta isa, shi ya sa ake tambayar allurar rigakafin sandarewar haƙora wato tetanus idan an gan shi.

*Perforate* tana da fuska biyu. A ofis jerin ƙananan ramuka ne da ake yi wa takarda don ta yage a miƙe, irin na kan sarki da littafin rasit. Gidan wayar Birtaniya ya fara fitar da kan sarki mai irin wannan huji a 1854. A asibiti kuwa ɓulewar bangon wata gaɓa ce mai rami: dodon kunne, tumbin mai gyambon ciki, ko hanjin mai zazzaɓin taifot, wanda galibi yakan ɓule a mako na biyu zuwa na uku idan ba a sami magani ba. Asibitocin Arewa sun san wannan na ƙarshe sosai. Ka lura cewa a nan ba wani abu mai tsini da ya shigo daga waje, ciwon ne ya ci bangon daga ciki, don haka *pierce* ba ta dace ba sam. Wahalar kalmar ita ce ta haɗa *p* da *f* wuri guda. *P* ce a gaba.

Masu binciken raunin harsashi suna raba *penetrating* da *perforating*: na farko ya shiga bai fita ba, na biyu yana da mashiga da mafita. Ita *penetrate* a rubutun yau da kullum tana buƙatar hattara, domin a dokokin fyaɗe da zancen jima'i ita ce kalmar da ake amfani da ita, kuma jimlar da ba a gina da kyau ba tana iya karkata can.

*Lance* a matsayin aikatau tsaga maruru ne ko ƙurji da 'yar wuƙa don mugunya ta fita, aikin da wanzamai suka daɗe suna yi da aska. Ba a cewa an yi *pierce* ɗin maruru a rahoton asibiti.

Sauran, a taƙaice

*Stab* daɓa wuƙa ce ko makamancinta, kuma tana ɗauke da zargin ganganci, saboda haka ɗan jarida ya tabbata kafin ya sa ta. *B* biyu ake rubutawa a *stabbed*. *Gore* ta dabba ce mai ƙaho ko haure. Idan sa ya soki ɗan wasa a hawan ƙaho, *gored* ce; idan tunkuyi ne kawai ba huji, *butted* ce. *Spear* suka da mashi. *Skewer* tsire nama a tsinke, kuma kamar yadda muke cewa an soki gwamnati, su ma suna amfani da ita ga zazzafar suka a jarida. *Prick* 'yar suka ce ta sama-sama, ta ƙaya ko ta allurar gwajin maleriya da sukari a ɗan yatsa. A matsayin aikatau ba ta da laifi, amma a matsayin suna zagi ce kuma sunan batsa ne na al'aurar namiji, don haka a gina jimlar yadda za a ga aiki take yi.

| Kalma | Yanayin sukar | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| pierce | kowace suka da abu mai tsini | babu | tana raye | mai sauƙi, sai furuci | rikicewa da fierce ko piece |
| impale | dogon abu, ya tsaya a jiki | kaɗan | tana raye | sai an kula da on da with | a sa ta ga ƙaramar suka |
| empale | daidai da impale | mai yawa | rubutun ya tsufa | na'ura na ƙin ta | a ɗauke ta kuskure |
| empierce | suka mai zurfi, a waƙa | mafi yawa | ta mutu | rubutu iri uku | ba mai gane ta |
| transpierce | ya shiga ya ɓulla | matsakaiciya | tana da rai kaɗan | doguwa | ta yi kama da aron Faransanci |
| transfix | ratsawa da kafewa | kaɗan | tana raye da sabuwar ma'ana | mai sauƙi | a fahimci sandarewa |
| puncture | ƙaramin rami, iska ko ruwa ya fita | babu | tana raye | matsakaici | a sa ta ga babban rauni |
| perforate | jerin ramuka, ko ɓulewar gaɓa | kaɗan | tana raye | p da f | rikicewa da penetrate |
| lance | tsaga maruru | kaɗan | tana raye a asibiti | mai sauƙi | a ɗauka mashi ake nufi |

Yadda za ka tantance da kanka

Idan ka tarar da baƙuwar kalma irin waɗannan, kada ka tsaya ga ganin tana cikin ƙamus. Dubi 'yar alamar da ke gabanta. *Obsolete* na nufin ta mutu, *archaic* na nufin tsohuwa ce da ake sawa don kwaikwayon maganar da, *literary* ta adabi ce, *rare* ba a cika amfani da ita ba. Idan kuma aka rubuta *variant of*, ƙamus na gaya maka ne cewa ainihin kalmar tana wani shafi, ka bi ta can. Sannan ka duba ƙamus ɗin ɗalibai, wanda aka tsara don masu koyon harshen: abin da bai shiga cikinsa ba, mai karatunka ma da wuya ya san shi. Mataki na ƙarshe, nemi kalmar a jaridun Ingilishi na shekarun nan. Idan duk misalan da suka fito na waƙoƙin da ne da jerin kalmomin wasan Scrabble, ka sami amsarka. Shafukan jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya su ne suka fi jefa mutane cikin wannan kuskure, don suna jera rayayyu da matattu ba tare da alama ba.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Ɗalibin WAEC ko NECO ko IELTS ya riƙe *pierce* da *stab* da *puncture*, ya ƙara *impale* idan labarinsa ya kai ga haka. Makin salon bayani dacewar kalma yake bi, kuma *empale* tana iya jawo asarar rabin maki ba tare da ta kawo komai ba.

Ɗan jarida da mai rubuta rahoton 'yan sanda su bar makamin ya zaɓa musu: wuƙa *stabbed*, ƙaho *gored*, rodi ko tsinin katanga da ya tsaya a jiki *impaled*. Idan shaidu sun saɓa a kan yadda abin ya faru, *pierced* ko *wounded* ba su ɗora wa kowa laifi ba.

Ma'aikacin lafiya ya tsaya kan kalmomin sana'arsa, *puncture* da *perforation* da *penetrating* da *impaled object*, ko da sun yi masa kama da maimaici. Takardar majinyaci ba wurin sauya kalma don ado ba ce, tunda wanda zai karɓi aiki bayanka da ita zai yi hukunci.

Marubucin ƙagaggen labari yana da 'yanci fiye da kowa. *Transfixed* za ta yi masa aiki mai kyau a wurin firgici, *ran him through* a fagen daga. Idan labarin na zamanin da ne kuma yana son harshen ya yi ƙanshin tsufa, *transpierce* sau ɗaya ba laifi.

Wanda ya taso da Faransanci ya rubuta wa kansa gajeren jeri ya manna kusa da tebur: *percer* ta zama *pierce*, *empaler* ta zama *impale*, *transpercer* ta zama *pierce through* ko *go through*. Ya kuma tuna cewa *percer* tana ɗaukar huda bango ko katako da na'ura, abin da Ingilishi ya fi kira *drill* ko *bore*.

Mai nazarin tsofaffin rubuce-rubuce, ko mai kwafo nassi daga littafin ƙarni na 16 ko na 17, shi ne ke da haƙƙin rubuta *empale* da *empierce*. Ya bar su yadda ya same su a cikin nassin, kada ya gyara wa marubucin, amma a nasa sharhin da ke ƙasa ya koma ga *impale* da *pierce*, ya kuma faɗa wa mai karatu wace ma'ana marubucin ya nufa a wannan layin, shinge ko tsirewa ko koɗewar fuska.